Shirye-shiryen David Attenborough: na da ko na yanzu, da wanne ya kamata a fara?

Wanda ya nemi shirin namun daji mai ɗauke da sunan David Attenborough zai tarar da su da yawa, fiye da abin da zai iya kallo a shekara guda, kuma duk da murya ɗaya: muryar dattijon nan ɗan Ingila mai magana a hankali kamar yana tsoron ya tashi mai barci. Sunan ɗaya ne, amma kayan gida biyu ne. Akwai shirye-shiryen da shi da kansa ya tsara, ya rubuta, ya je wurin ya tsaya gaban kyamara yana bayani. Akwai kuma waɗanda wasu suka tsara suka ɗauko, shi kuma ya shiga ɗakin naɗar murya ya ɗora sharhi a kai. Malamin da ke son abin nuna wa ɗalibai, ko uban da ke son abin da za a kalla da yara bayan sallar isha'i, in bai san wannan bambanci ba zai kashe kuɗinsa da datarsa a kan abin da ba shi ya zo nema ba.

Sai an ɗan waiwayi rayuwar mutumin kafin a gane inda gidajen biyu suka rabu. An haife shi ranar 8 ga Mayu 1926 a gefen Landan, ya tashi a garin Leicester inda mahaifinsa ke shugabantar kwalejin jami'a, ya karanci ilimin dabbobi da na duwatsu a Kambirij. Ya shiga BBC a 1952, kuma ba a matsayin mai gabatarwa ba, a bayan fage yake. A 1954 aka tura su Saliyo su kamo wani tsuntsu mai sanƙo da ake kira Picathartes don gidan zoo na Landan. Jack Lester, ma'aikacin gidan zoo ɗin da aka shirya zai gabatar da shirin, ya kamu da rashin lafiya, sai aka ce Attenborough ya riƙe. Wannan shi ne Zoo Quest, wanda ya ci gaba har 1963. Daga nan ya hau kujerar mulki: ya shugabanci tashar BBC2 daga 1965, a hannunsa aka fara watsa talabijin mai launi a Birtaniya a 1967, sannan ya zama daraktan shirye-shiryen talabijin na BBC a 1969. A shekarun shugabancinsa ne ya ba da izinin yin dogayen shirye-shirye masu kashi goma sha uku, inda masani ɗaya ke jan mai kallo daga farkon wani fanni har ƙarshensa, irin wanda Kenneth Clark ya yi kan tarihin zane da gine-ginen Turai. Da ya ajiye muƙamin a farkon shekarun 1970, abin da yake so shi ne ya yi irin wannan a kan halittu.

Abin da ya fito shi ne Life on Earth a 1979, kashi 13. Aka bi shi da The Living Planet a 1984 mai kashi 12, da The Trials of Life a 1990 shi ma kashi 12. Sai ya koma yana ɗaukar rukuni-rukuni: yankin ƙanƙara na kudancin duniya a 1993, tsirrai a 1995, tsuntsaye a 1998, dabbobi masu shayarwa a 2002, ƙwari da danginsu a 2005, sai macizai da kadoji da kwaɗi da kunkuru a Life in Cold Blood na 2008. Jerin tara ke nan, kashi 79 gaba ɗaya. Wannan shi ne gida na farko.

Gida na biyu ya fara tasowa da The Blue Planet a 2001, ya yi ƙarfi da Planet Earth a 2006. Bayansu akwai Frozen Planet na 2011, Africa na 2013, Planet Earth II na 2016, Blue Planet II na 2017, Dynasties na 2018, Our Planet na 2019 wanda Netflix ta fitar, har zuwa Planet Earth III na 2023. A waɗannan yakan leƙo a farko ko a ƙarshe, wani lokaci ma ba a ganinsa sam. Masu tsarawa su ne furodusoshi irin su Alastair Fothergill, shi kuma yakan gyara rubutun ya dace da bakinsa, ya karanta. Babbar shaida cewa waɗannan ba a kansa aka gina su ba ita ce abin da aka yi a Amurka: an cire muryarsa daga Planet Earth aka sa ta 'yar fim Sigourney Weaver, aka sa Oprah Winfrey a kan shirin Life na 2009, kuma shirye-shiryen suka tafi daidai. Ba wanda zai iya yin haka da Life on Earth, domin in ka cire shi babu abin da ya rage sai hotuna marasa igiya.

Abin da gida na farko ke bayarwa

Kowane kashi a nan darasi ne mai tambaya ɗaya. The Trials of Life, alal misali, ya bi rayuwar dabba daga haihuwa: yadda take girma, yadda take neman abinci, yadda take gane hanya, yadda take gina gida, yadda take faɗa, yadda take neman abokin aure. A kashin gina gida za ka ga Attenborough ya rarrafa ya shiga ƙarƙashin wani ƙaton suri a Afirka ta Yamma da tocila a hannu, yana haska wasu siraran faifai na yumɓu da gara ta jera suna zagaye a rufin ramin. Danshi na sauka a kansu yana bushewa, sanyin da ke fitowa daga nan shi ke hana gidan yin zafi. Duk wanda ya taso yana wuce suri a hanyar gona, daga ranar ba zai ƙara yi masa kallon tulin ƙasa ba. Irin wannan ne ƙarfin tsofaffin shirye-shiryen: mutum na tsaye kusa da abin, kana ganin girmansa a kan girman jikinsa, yana nunawa da yatsa yana faɗin dalili.

Haka a The Living Planet ya hau wata doguwar rimi da igiya a dajin Kudancin Amurka, yana tsayawa hawa-hawa yana nuna yadda haske da iska da mazauna ke canjawa daga gindi zuwa ƙololuwa. A Life in Cold Blood ya sa gilashin kare fuska ya matsa kusa da gamsheƙa har ta feso masa dafi, dafin na gangarowa a kan gilashin daidai saitin idanunsa, don a ga cewa ido take nema ba jiki ba. Shi kuma zaman nan da ya yi da goggon birai a tsaunukan Ruwanda, wanda ke cikin kashi na 12 na Life on Earth, ba shirya shi aka yi ba. Ya je ne ya yi bayani kan babban yatsan hannu da yadda yake ba birai damar riƙe abu, sai 'ya'yan suka hau jikinsa suna ja masa takalmi.

Matsalolin wannan gida guda uku ne, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko hoton. An ɗauki na farko-farkon ne da fim ɗin milimita 16, a tsarin allo mai kusan murabba'i irin na tsofaffin talabijin. A faffaɗan allon yanzu za ka ga baƙaƙen shafi biyu a hagu da dama. Kada a danna maɓallin cika allo, domin zai miƙe hoton ne kawai, barewa ta koma mai ƙiba kamar akuyar turke. A bar shi a tsarinsa na asali, wanda ake kira 4:3. Na biyu, ilimin ya tsufa a wasu wurare. Tun bayan 1979 an tono ƙasusuwan dinaso masu gashin tsuntsu a ƙasar Sin daga tsakiyar shekarun 1990, kuma binciken ƙwayoyin gado ya sauya yadda ake jera dangantakar dabbobi da dama, har aka gane cewa manyan dabbobin teku irin su wale sun fi kusa da dorina a kan sauran dabbobin tudu. Malami ya haɗa da littafin da ake amfani da shi yanzu. Na uku, kuma wannan ya kamata a faɗe shi ƙarara: Life on Earth daga farkonsa har ƙarshensa bayanin ra'ayin Darwin ne na sauyawar halittu daga wani nau'i zuwa wani. Ba a gefe maganar take ba, ita ce ƙashin bayan shirin. Ga ɗalibin da zai amsa tambaya a kan wannan a jarrabawar kimiyyar halittu, da wuya a samu bayani mai tsari kamarsa. Ga zaman iyali ko makarantar da ba a shirya tattauna batun ba, gara a fara da The Trials of Life ko The Living Planet, waɗanda suka fi tsayawa kan ɗabi'ar dabba da muhallinta.

Akwai kuma batun Turanci. Tsofaffin shirye-shiryen magana ce mai yawa, da dogayen jimloli da sunayen kimiyya. Wanda Turancinsa bai nuna ba zai gaji kafin minti ashirin.

Abin da gida na biyu ke bayarwa

A nan ido ne ke cin abinci. Planet Earth ya ɗauki wajen shekara biyar ana yin sa, kashi 11, kuma shi ne babban shirin namun daji na farko da BBC ta ɗauka gaba ɗaya da hoto mai tsananin kyau. An ɗaura kyamara mara girgiza a ƙarƙashin jirgi mai saukar ungulu, ana ɗaukar dabba daga nesa sosai ba tare da ƙarar jirgin ta firgita ta ba. Da haka aka bi farautar kyarkeci daga sama a Botswana, aka ga yadda suke rarrabuwa suna tare hanya. A cikinsa ne aka nuna zakuna sun kayar da giwa da dare, da garken jan baki da ya rufe sararin sama kamar hadari, abin da manomin gero da dawa bai buƙatar a fassara masa. Planet Earth II, kashi 6, ya zo da jirage marasa matuƙi da kyamarar hannu mai daidaita kanta, shi ya sa mai kallo ke jin kamar yana gudu tare da ɗan damon nan na bakin teku da macizai suka biyo a tsibiran Galapagos. Kashinsa na birane ya nuna kuraye na shiga garin Harar na Habasha da dare ana ba su nama da hannu.

Amma kashi ɗaya a nan yakan zama labarai shida ko bakwai ne, kowanne minti biyar zuwa takwas, ana tsalle daga wannan nahiya zuwa waccan. Abin da ya haɗa su muhalli ne kawai: hamada, tsauni, tsibiri. Yaro zai tashi yana ba da labarin yadda ɗan damo ya tsira, amma in ka tambaye shi me ya sa macizan ke taruwa a wurin a wannan lokaci na shekara, amsar jimla ɗaya ce da ta wuce cikin kiɗa. Kiɗan kansa an yi shi ne don ya kaɗa zuciya. Hans Zimmer, wanda ya saba yi wa manyan finafinan Amurka kiɗa, yana cikin waɗanda suka yi na Planet Earth II da Blue Planet II.

Mai nuna wa yara ya san wasu abubuwa kan yadda ake haɗa irin waɗannan hotuna, don kada ya koyar da abin da ba haka yake ba. Yawancin sautin da ake ji, kamar takun ƙafa ko ƙarar tauna, a ɗakin aiki ake ƙara shi, domin kyamarar na iya kasancewa da nisan mita ɗari ko fiye daga dabbar. Farauta ɗaya da ake gani a minti uku sau da yawa an haɗo ta ne daga ɗauka ta kwanaki da dama. A 2011 an yi ce-ce-ku-ce a Birtaniya da aka gane cewa hoton jariran farin beyar a cikin rami, a Frozen Planet, a wani gidan zoo na ƙasar Holan aka ɗauke shi, ba a kan ƙanƙara ba. BBC ta ce ta bayyana hakan a shafinta na intanet, amma ba a faɗa a cikin shirin ba. A 2013 kuma ta cire wata jimla daga kashin ƙarshe na Africa, wadda ta ce wasu sassan nahiyar sun ƙara zafi da digiri uku da rabi cikin shekara ashirin, bayan masana sun ce alƙaluman ba su tabbata ba. In kwafin da ke hannunka na da jimlar, kada a rubuta ta a allo. Ɗan guntun nan na minti goma da ke ƙarshen kashi a yawancin jerin BBC, inda ake nuna yadda aka yi ɗaukar, yana da amfani ƙwarai a nan, kuma shi ne abin da wasu tashoshi ke yankewa.

Inda sabon gida ya fi tsohon nesa ba kusa ba shi ne maganar lalacewar muhalli. An daɗe ana sukar Attenborough cewa yana nuna duniya kamar babu gatari babu hayaƙi a cikinta. Sai a 2006 ya fito da shiri na musamman kan sauyin yanayi. Blue Planet II ya sa maganar leda da roba a teku ta shiga majalisar dokokin Birtaniya. Our Planet, kashi 8, ya saka ɓarnar a cikin kowane kashi maimakon ya ajiye ta sai ƙarshe. A Life on Our Planet na 2020, fim ɗaya na minti 83, shi ne ya fi kusa da tarihin rayuwarsa daga bakinsa: ya fara a kufan garin da ke kusa da Chernobyl, tashar nukiliyar ƙasar Ukraine da ta fashe, yana bin shekarun aikinsa yana nuna yadda yawan mutane ke hawa, daji na raguwa. Wanda ke son sanin mutumin kansa, daga nan zai fara. Fim ɗin Ocean kuma, kan teku da ɓarnar jan koma a ƙasan ruwa, an fitar da shi ne ranar da ya cika shekara 99 a 2025.

Lissafin data, allo da sauti

Our Planet ne mafi sauƙin samu ta halal, domin a 2020 Netflix ta ɗora dukkan kashi takwas a YouTube kyauta. Kowane kashi wajen minti 50 ne, jimla kusan awa bakwai. A ma'aunin Netflix, hoto mai kyau sosai na cin har giga 3 a awa, na 4K har giga 7, matsakaici kuwa ƙasa da giga ɗaya. Ke nan jerin gaba ɗaya wajen giga 20 ne a babban hoto, wajen giga 5 a matsakaici. Ga inda lissafin yake juyawa: abin da ake biya a sababbin shirye-shiryen shi ne kyawun hoton, to in a waya mai allon inci shida za a kalla a ƙaramin hoto, an bar rabin amfaninsu a hanya. Tsofaffin ba sa asarar komai a ƙaramin allo, tunda dama maganar ce jarinsu.

Manhajar BBC iPlayer a cikin Birtaniya kaɗai take aiki. Masu sayen faifan DVD su duba abu biyu a bayan kwali. Na ɗaya lambar yanki: na Birtaniya 2 ne, na Amurka 1, mafi yawan Afirka 5, kuma na'urar da aka kulle ba za ta karanta na wani yanki ba. Na biyu sunan mai sharhi, saboda bugun Amurka na wasu jerin ba muryarsa ba ce. A guji guntayen bidiyon da ke yawo a waya da murya mai kama da tasa. Ana kwaikwayon muryarsa da kwamfuta, kuma shi da kansa ya nuna ɓacin ransa kan hakan a 2024.

A aji, abin da ya fi ɓata nuni shi ne sauti, ba hoto ba. In Attenborough yana kusa da dabba raɗa yake yi, kuma ƙarar janareto ko fanka na cinye ta gaba ɗaya. A nemi sifika ta daban, a ajiye janareton a bayan gini da doguwar waya, a kunna rubutun Turanci na ƙasan allo. A manhajar VLC ko YouTube ana iya rage gudun bidiyon zuwa 0.75 ba tare da muryar ta lalace ba. In da majigi za a nuna da rana, a toshe tagogi da bargo ko kwali, kuma a kauce wa kashin ƙasan teku da na dare, domin baƙi ƙirin za a gani a bango. Kashi ɗaya ya fi ƙarfin darasin minti 40, don haka a raba shi uku, a tsaya bayan kowane minti goma sha biyar a yi bayani da Hausa. Tsofaffin shirye-shiryen sun fi wuyar yankawa saboda kowane sashe na dogara da wanda ya gabace shi. Sababbin kuwa a yanke suke tun daga gida.

Lallai ne babba ya fara kallon kashin shi kaɗai kafin ya tara yara. A gida biyun akwai barbarar dabbobi a fili. Akwai kuma wuraren da ke da nauyi: cimfanzi na yayyaga ƙaramin biri a dajin Taï na Kwaddibuwa a The Trials of Life, ɗan giwa na mutuwa saboda fari uwarsa na tsaye a kansa a Africa, da manyan dabbobin teku masu haure da ke faɗowa daga kan dutse a gaɓar Rasha a kashi na biyu na Our Planet. A rubuta mintin da abin ya fara, a tsallake in yaran ƙanana ne.

To, da wanne?

Ga iyali mai yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu, ko inda mafi yawan masu kallo ba sa jin Turanci, Africa ne wurin farawa. Kashi 6 ne, dabbobin sanannu ne, akwai kashi guda a kan Sahara, kuma faɗan raƙuman dawa biyu a busasshen kogin Namibiya ba ya buƙatar tafinta. Bayansa sai kashin farko na Dynasties, wanda ya bi wani shugaban cimfanzi a kudu maso gabashin Senegal, a daji mai ciyawa da jar ƙasa da gobarar rani, irin wanda idon ɗan yankin Sahel da Sudan ya saba da shi. Wanda data ce damuwarsa ya tsaya kan Our Planet.

Ga malamin sakandare, ko ɗalibin jami'a, ko duk wanda ke son ya tashi da fahimta ba mamaki kaɗai ba, shawararmu tsohon gida ce, ba tare da jinkiri ba. In an ƙyamaci tsohon hoto, The Life of Mammals na 2002 ya tsaya a tsakiya: faffaɗan allo ne, shi ya rubuta, shi ke tsaye a wurin, kuma an tsara yawancin kashi gomansa ne a kan abin da dabba ke ci da yadda abincin ya siffanta haƙoranta da ƙafafunta da cikinta. Makarantar koyon aikin gona ta nemi The Private Life of Plants, kashi 6, inda aka ɗauki tsiro hoto ɗaya-ɗaya na makonni aka haɗa, har ka ga yaɗo na laluben abin kamawa kamar hannun makaho, sannan ta haɗa da Life in the Undergrowth, kashi 5, don ƙwarin da ke cin amfanin gona da waɗanda ke taimakonsa. In kuwa jeri ɗaya tak kuɗin zai saya, a sayi The Trials of Life, a fara da kashi na shida, na gina gida.